Ƙwallo Da Roba: Motsa Jiki Ga Mai Zaman Ofis

Sanin kowa ne ma'aikacin gwamnati yakan wuni bisa kujera, ɗalibi kuma ya raba dare sunkuye kan littafi. A hankali sai tsokoki su saki, baya ya fara ciwo, tumbi ya turo riga. A shekarar 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa baligi ya motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako, kuma ya yi aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a cikinsa. Wanda ba shi da halin zuwa gidan motsa jiki yana iya sauke wannan nauyi a ɗakinsa da babbar ƙwallo da robar ja, muddin ya iya zaɓe.

Wani ɗan Italiya mai sana'ar roba, Aquilino Cosani, shi ya fara ƙera irin wannan ƙwallo a 1963. Likitocin gyaran gaɓoɓi na Suwizalan suka ɗauke ta don jinyar jarirai da manya, daga can ta bazu zuwa Amurka. Amfaninta shi ne rashin tsayawa wuri ɗaya: wanda ya zauna a kanta dole tsokar cikinsa da ta bayansa su yi aiki don kada ya faɗi.

Tsawon mai ƙwallo ake dubawa wajen saye. Galibi mai tsawon santimita 155 zuwa 170 yakan ɗauki mai faɗin santimita 55, wanda ya kai 170 zuwa 185 ya ɗauki mai 65, dogo ƙwarai kuma mai 75. Amma gwaji ya fi lissafi. In mutum ya zauna, tafin ƙafarsa ya dafe ƙasa, gwiwa ta yi daidai da ƙugu ko ta ɗan yi ƙasa da shi. Haka kuma a nemi wadda aka yi ta yadda in ta huje za ta sace a hankali, domin mai fashewa farat ɗaya tana iya kayar da mutum ya ji rauni.

Ita kuwa roba launinta ke nuna taurinta. A wajen kamfanin TheraBand rawaya ce mai laushi, sai ja, da kore, da shuɗi, da baƙa, amma kowane kamfani da tsarinsa. Sabon shiga ya fara da mai laushi. Ya zauna kan ƙwallo, ya take tsakiyar robar da ƙafafu biyu, ya jawo bakunanta zuwa kafaɗa sau 8 zuwa 12, ya huta, ya maimaita. Don cinyoyi kuma, ya sa ƙwallon tsakanin bayansa da bango, ya riƙa durƙusawa yana miƙewa sannu a hankali. A bar kwana ɗaya tsakani don tsoka ta huta.

Akwai wurin yin hattara. Zafin rana yana cin roba, saboda haka kada a bar ta a mota ko a tsakar gida. A duba ta kafin kowane amfani. In an ga tsaga a jefar, domin wadda ta tsinke tana iya dukan ido. A share ƙaya da tsakuwa kafin a ajiye ƙwallo. Mai hawan jini, ko mai juna biyu, ko mai tsohon ciwon baya, ya fara ganin likita.

Daɗin daɗawa, kada wani ya zaci ƙwallo za ta narkar da tumbi ita kaɗai. Kitse ba ya barin wuri ɗaya don an motsa wurin; sai an haɗa da tafiyar ƙasa da rage cima. Minti 20 kafin wankan safe, sau biyu ko uku a mako, ya fi wahalar yini guda da za a watsar. Sannu ba ta hana zuwa.