Masunci, Dubi Ruwa Kafin Ka Zaɓi Koto

Su a Kogin Hadeja ba kamar da ba ne. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, ruwan da ke malala cikin fadamun Miga har zuwa Hadeja da Nguru ya ragu, ciyawar kacalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa da dama. Kifi ya yi ƙaranci, shi ya sa wasu ke komawa ga raga mai ƙananan idanu ko zuba guba. Alhali akwai hanyar da ta fi wannan albarka: masunci ya san ruwansa, ya san kifin da yake nema, sannan ya zaɓi koton da ya dace.

Ba duk kifi ke neman abinci iri ɗaya ba. Tarwaɗa da kurungu da ƙamshi da gashin baki suke laluben abinci a ƙasan ruwa, saboda haka tana ko hanjin kaza sun wadatar, launi bai dame su ba. Amma tsage da giwan ruwa mafarauta ne, da ido suke bin ƙananan kifaye. Irin waɗannan ake yi wa koton ƙarfe mai juyawa, wanda ya shahara a Amurka: waya ce a lanƙwashe, sama da ɗan faifan ƙarfe mai walƙiya idan ana ja, ƙasa da ƙugiya a lulluɓe cikin zaren roba mai launi. Wayar tana kare bakin ƙugiya, don haka ba ta cika maƙalewa a gefen kacalla ba.

To, wane launi? Ruwa ne zai gaya maka. Da damina, lokacin da kogi ya ɗauko laka ya yi ja, kifi ba ya gani da nisa. Nemi launi mai haske sosai, kamar ruwan ɗorawa mai ratsin kore, ko kuma baƙi ƙirin wanda siffarsa ke fitowa sarai. Faifan ya zama mai faɗi, ruwan zinariya, domin girgizarsa kifi ke ji ta wani layi da ke gefen jikinsa tun kafin ya gan shi.

Da kaka zuwa rani, idan ruwa ya kwanta ya washe a tafkuna, kifi na gani sosai, yana kuma tsarguwa da abin da bai saba ba. A nan sai fari ko ruwan azurfa, mai kama da kawara da 'ya'yan karfasa, da siririn faifai mai saurin juyawa. Da asuba, da almuru, da ranar hadari, a koma ga launi mai duhu ko zinariya. A wuri mai zurfi kada a dogara da ja, domin shi ne launin da ke fara ɓacewa idan haske ya nutsa. Mai neman tsage kuma ya ɗaura guntuwar waya gaban igiya, don haƙoransa na yanke zare.

Amfanin fatsa shi ne tana zaɓe. Ta kama babba, ƙaramin da ya faɗa kuma a mayar da shi ruwa ya girma ya yi ƙwai. Guba ba ta zaɓe: irin su Gamalin suna kashe manya da ƙanana, su gurɓata ruwan da makiyaya ke shayar da dabbobi, su kuma shiga cikin wanda ya ci kifin. Dokar kamun kifi ta ƙasa ta 1992 ta haramta su da guba ko nakiya.

Muna kira ga sarakunan ruwa da dattawan masunta na Miga su zaunar da matasa su koya musu karatun ruwa, su kuma tsawata wa masu guba da ragar sauro. Wanda ya bar ƙaramin kifi bana, shi zai kama babba baɗi.