Shehun Malamin Minna Da Ya Bi Sawun Guba Har Cikin Rumbu

A jami'o'in duniya na yau ba rawani ko yawan almajirai ake dubawa a san nauyin malami ba. Abin da ake tambaya shi ne, takardun bincike nawa ya buga, sa'an nan masana nawa ne suka kafa hujja da su a cikin nasu rubuce-rubucen. A Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, wadda ta fara aiki a shekarar 1983 a harabar tsohuwar Kwalejin Horon Malamai ta Bosso kafin ta faɗaɗa zuwa Gidan Kwano a kan hanyar Bida, akwai wani malami da aikinsa ya isa misali ga mai son ya gane amfanin wannan ma'auni da kuma iyakarsa. Shi ne Farfesa Hussaini Anthony Makun, masanin sinadaran jikin halitta, wanda ya shafe shekaru yana binciken gubar da fumfuna ke zubawa a cikin abincin jama'a.

MECE CE WANNAN GUBA?

Kowace uwargida ta san fumfuna, watau wannan ƙurar mai kore ko baƙi da kan fito a jikin masara ko gyaɗa idan laima ta kama su. Abin da yawancin jama'a ba su sani ba shi ne, wasu irin fumfuna suna fitar da guba wadda ido ba ya gani, harshe kuma ba ya ji. Mafi muninta ita ce wadda masana ke kira afulatoksin. Wuta ba ta kashe ta, saboda haka ko an tuƙa tuwo ko an toya ƙuli-ƙuli tana nan daram. Idan saniya ta ci dusar da ke ɗauke da ita takan fito a cikin madara, haka kuma takan bi nonon uwa ta shiga cikin jariri.

Duniya ta farga da wannan guba ne a shekarar 1960, lokacin da talotalo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci tunkuzar gyaɗa da aka kawo daga Barazil. Daga baya hukumar binciken ciwon daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya ta a sahun farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo wa ɗan Adam sankara, musamman ta hanta. Haɗarin kuwa yakan ninka sau da yawa ga wanda ke ɗauke da ƙwayar ciwon hanta mai lamba B, cutar da ta yawaita a Nijeriya. A shekarar 2002 wani bincike da aka yi a ƙasashen Binin da Togo ya nuna cewa yaran da gubar ta fi yawa a jininsu su ne suka fi tsumburewa. A shekarar 2004 kuma mutum 125 suka rasu a Kenya bayan sun ci gurɓatacciyar masara.

ABIN DA AKA GANO A SHINKAFAR NEJA

Jihar Neja gidan shinkafa ce. Fadamun ƙasar Nufe suna ciyar da garuruwa masu yawa, a Badeggi kuma Cibiyar Binciken Hatsi ta Ƙasa take. Amma fa ƙasa ce mai ruwa da zafi, irin yanayin da fumfuna ke so. To, a nan ne Makun ya kafa aikinsa.

A shekarar 2007 shi da abokan aikinsa, cikinsu har da T. A. Gbodi da H. O. Akanya, suka buga takarda a kan ire-iren fumfuna da gubar da ke cikin shinkafar jihar. A shekarar 2009 suka bi ta da wata a kan dawa. A shekarar 2011 kuma, tare da Mike Dutton da Patrick Njobeh na Jami'ar Johannesburg ta Afirka ta Kudu da wasu masana, ya buga sakamakon wani gwaji a mujallar Mycotoxin Research, wadda ba ta da wani aiki sai binciken gubar fumfuna.

A wannan gwaji an ɗebo samfurin shinkafa guda 21 daga gona da rumbu da kasuwa. Dukkansu an sami afulatoksin a ciki, babu ko ɗaya da ya tsira. Ana auna gubar ne da maikirogiram, watau kashi ɗaya daga cikin miliyan na giram guda. Abin da aka samu ya kama daga maikirogiram 28 har zuwa 372 a kowane kilo. Dokar Tarayyar Turai kuwa ba ta yarda a wuce 4 a hatsin da za a ci kai tsaye ba. Ashe ke nan samfurin da ya fi sauƙi ya ninka iyakar Turai sau 7, wanda ya fi muni kuma sau 93. Bugu da ƙari an sami wasu ire-iren gubar zaune tare da ita a cikin hatsi guda, har da wadda ke lalata ƙoda.

Samfuri 21 ba su isa a yanke wa shinkafar jiha sukutum hukunci ba, kuma ba abin da takardar ta yi ke nan ba. Amma sun isa su zama ƙararrawa. Bayan haka, a shekarar 2013, Makun ya tsara wani littafi da ya tara rubuce-rubucen masana a kan gubar fumfuna da lafiyar abinci a ƙasashe masu tasowa.

YADDA AKE ƘIRGA AMBATO

Mai karatu zai so ya san yadda takarda irin wannan ke ɗaga sunan malami. Al'adar masana ce duk wanda ya yi rubutu ya jera sunayen waɗanda ya ɗauko hujja daga gare su. Malaman zaure ba baƙi ba ne ga wannan, domin su ma ba su karɓar magana sai an faɗi daga wane littafi da wane malami ta fito. Idan wani masani a Indiya ko Masar ya auna shinkafar ƙasarsu ya kwatanta da ta Neja, ya ambaci takardar Minna, to, an sami ambato guda ke nan.

Wani Ba'amurke mai suna Eugene Garfield ne ya mai da ƙirga ambato ya zama sana'a, sa'ad da kamfaninsa ya fara fitar da kundin ambaton masana kimiyya a farkon shekarun 1960. A shekarar 2004 aka buɗe Scopus da Google Scholar, waɗanda ke yin wannan lissafi ta intanet. A shekarar 2005 kuma wani masanin Jami'ar Kalifoniya, Jorge Hirsch, ya fito da ma'aunin da ake kira lambar h. Ga yadda take: idan aka ce lambar malami 20 ce, ana nufin yana da takardu 20 waɗanda kowace ɗaya aka ambace ta aƙalla sau 20. Dabarar ita ce kada mai takarda ɗaya tak da ta yi suna, ko mai tarin takardun da ba wanda ya karanta, ya sha gaban wanda ya daɗe yana aiki mai kyau.

A jami'o'in Nijeriya malami ba ya hawa daga wani matsayi zuwa na gaba sai da takardun da ya buga, kuma kafin a ba shi farfesa sai an aika da su ga masana na waje sun tantance. Masu ba da kuɗin bincike su ma tarihin aikin mutum suke fara dubawa. A shekarar 2019, a ƙarƙashin shirin Bankin Duniya na kafa cibiyoyin ƙwarewa a jami'o'in Afirka, jami'ar Minna ta sami cibiyar binciken gubar fumfuna da lafiyar abinci, aka ɗora Makun a kan jagorancinta. Takara aka yi tsakanin jami'o'i kafin a zaɓa, kuma mai shiga irin wannan takara ba ya zuwa hannu rabbana. Aikin cibiyar ya haɗa da horar da ɗalibai masu neman digiri na biyu da na uku daga Nijeriya da sauran ƙasashen Afirka.

INDA MA'AUNIN YA GAZA

Duk da haka masana da kansu sun daɗe suna jan kunne. A shekarar 2012 wasu daga cikinsu suka haɗu a San Faransisko suka tsara sanarwa cewa a daina auna malami da sunan mujallar da ya yi rubutu a ciki, a duba abin da ya rubuta. Akwai kuma mujallun bogi da ke karɓar kuɗi su buga kome. A shekarar 2013 wani ɗan jarida, John Bohannon, ya aika da takardar ƙarya da gangan ga mujallu 304, sai ga 157 sun amince za su buga. Har ila yau lissafin ba ya bambanta wanda ya ambace ka don yabo da wanda ya ambace ka don ya ƙaryata ka. Kuma malamin da ke binciken cutar da ta dami Turai da Amurka ya fi samun masu ambato bisa ga mai binciken shinkafar Bida, domin can ne masu rubutu suka fi yawa.

Babban giɓin kuwa shi ne wannan: ambato yana nuna cewa masana sun karanta ne kawai. Takardun da Turanci aka rubuta su, alhali wanda ke shanya shinkafa a bakin kwalta da matar da ke turara ta Nufanci ko Gwari ko Hausa suke ji. Babu wani kundi a duniya da ke ƙirga yawan manoman da suka daina shanya a kan ƙasa, ko yawan yaran da suka tsira daga tsumburewa.

Abin da binciken ke nema daga manomi ba mai tsada ba ne. A girbe amfani a kan lokaci. A shanya shi a kan tabarma ko tamfol har ya bushe ƙarau kafin a zuba a buhu. A ɗora buhuna a kan katako, kada su taɓa ƙasa ko bango, a kuma toshe yoyon rumbu. A tsince ƙwayar da ta canja launi ko ƙwaro ya huda a binne ta, kada a ba kaji ko a sayar da ita da araha ga masu yin ƙuli-ƙuli, domin ta nan gubar ke komowa cikin tukunya. Ga masu noman masara da gyaɗa kuma akwai maganin Aflasafe na Cibiyar Binciken Noma ta Ƙasa da Ƙasa da ke Ibadan, wanda aka yi wa rajista a Nijeriya a shekarar 2014. Ana watsa kilo 10 a kowace hekta mako biyu zuwa uku kafin shuka ta yi fure, gwaje-gwaje kuma sun nuna yana rage gubar da kashi 80 cikin 100 ko fiye.

Malaman Minna sun auna, sun rubuta, masanan duniya sun gani. Saura aikin malaman gona, da gidajen rediyo, da hukumar NAFDAC, da sarakunan kasuwa, da limamai da fastoci, su ɗauki wannan gargaɗi su fassara shi cikin harshen da mai rumbu ke ji, kafin kaka ta gaba ta zo.