Shawara Ga Manoma: Ƙaiƙayin Farin Ƙarfe

Da bazara ta kama a ƙasar Gumel, zufa ta yi yawa, akan ga waɗansu mutane suna ta susa a wuyan hannu, ko ƙarƙashin cibiya, ko a 'yan yatsu. Wurin ya yi ja, ya feso da ƙananan ƙuraje masu ruwa, in an kwana biyu ya bushe ya tsattsage. Manomi ya taso daga Ɗanzomo da ragonsa ko buhun riɗi zuwa kasuwar Maigatari ran Alhamis, ya miƙa hannu a gaisa, sai ya ga ana noƙewa, ana tsammani ƙazuwa ce. Wani ya ce kuturta ce ta soma, wani ya ce sammu ne. Sau da yawa kuwa ba ko ɗaya, ƙarfen da ke jikinsa ne ke cinsa.

Sunan ƙarfen nan nikel. Wani masani mutumin Suwidin, wai shi Cronstedt, shi ya fara gano shi cikin 1751. Fari ne mai ƙyalli, ba ya saurin tsatsa, don haka ake shafa shi a kan bakin bel, da bayan agogo, da makullai, da almakashi, da tabarau, da 'yan kunne na araha. Akwai shi kuma cikin fararen kuɗi, irin su dala goma da dala ashirin na sefa, waɗanda mutanen bakin iyaka suka sani sarai.

Ga yadda abin ke faruwa. Zufa gishiri gare ta. In ta daɗe tsakanin fata da ƙarfen, sai ta narkar da ɗan kaɗan daga cikinsa ya shiga fata. Jikin waɗansu mutane yakan ɗauke shi abokin gaba, ya tasam masa da faɗa, faɗan nan shi ne ƙurajen. Mutum yakan yi shekaru yana ɗaura agogo lafiya lau kafin jikinsa ya ƙi, amma in ya ƙi, to, ya ƙi ke nan har abada. Ƙurajen kuwa ba nan da nan suke fitowa ba, sai bayan kwana ɗaya ko biyu, shi ya sa ba a zargin ƙarfen.

Alamar da ta fi sauƙi ita ce, ciwon yana tsayawa daidai inda ƙarfe ya kwanta, har ya ɗauki siffarsa. Ba a ɗaukarsa wajen gaisuwa ko cin tuwo akushi ɗaya. Tabon kuturta kuwa ba ya ƙaiƙayi, mutuwa wurin ke yi, ko an taɓa ba a ji. Mata sun fi maza kamuwa, saboda hujin kunne. Cutar ta dami Turawa har ƙasashen Turai suka yi doka cikin 1994, suka ƙayyade yawan nikel da zai fita daga kayan da ke taɓa fata. Kayan araha na kasuwa ba duka suka bi wannan ƙa'ida ba.

To, ina dabara? Ba sai mutum ya bar sana'arsa ba, a raba fata da ƙarfen kawai. Fartanya da garma masu ƙotar ice ba su da laifi. Manomi dai ya cire agogo kafin ya shiga gona, ya bar bel ya koma mazagi. Mai gyaran keke ko injin ban ruwa ya naɗe mariƙin sifana da ƙyalle ko roba. Ɗan kasuwa ya daina jimƙe kuɗi a hannu, ya zuba su cikin jaka, ya wanke hannu bayan ƙirga. Akawu ya sa wa makullai marfin roba, ya nemi almakashi mai mariƙin roba. Mai sa safar roba ya fara sa ta auduga daga ciki, don roba kaɗai tana tara zufa. In an tashi aiki a wanke, a goge, a shafa man kaɗanya ko basilin, gama fatar da ta tsage ita ta fi shan ƙarfen.

Kada a shafa baƙin man inji ko toka, ƙara ciwo suke yi. In wurin ya kumbura ko ya yi mugunya, a tafi asibitin Gumel. Likita yana da man shafawa mai kwantar da ƙaiƙayi. Likitocin fata kuma suna da gwaji, watau a liƙa wa mutum ɗan nikel a baya kwana 2 a ga ko wurin zai yi ja. Wake da gyaɗa suna da ɗan nikel, amma kada kowa ya bar cinsu sai likita ya ce.

Wanda ke shakka ya cire abin mako biyu ko uku ya gani. Rashin sani ya fi dare duhu. Gara a gano tun yanzu, kafin ruwa ya sauka, hannu ya tsage ana tsakiyar noma.