Bambar Ƙarfe Ko Bambar Roba: Wace Ce Ta Fi?

A wannan makon ƙungiyarmu ta 'yan jarida ta kawo muku bayani a kan wata gardama da muka tsinta a bakin tasha, muka biyo ta har cikin aji.

Ga yadda abin ya faru. Ranar kasuwa muna dawowa daga makaranta, sai wata ƙaramar mota ta buge rago a kusa da tasha. Motar ba ta gudu sosai. Ragon ya faɗi, ya tashi, ya girgiza jiki, ya bi sauran tumaki yana ɗingishi. Amma bambar motar ta tsage, gefe ɗaya yana lilo. Nan take dattawan direbobi suka fara dariya. Suka ce ai motocin yanzu bokiti ne, da Fijo ce ta da mai bambar ƙarfe ko kwarzane ba za a gani ba. Wasu samari kuma suka ce ta roba ta fi. Mu ma da muka zo aji sai muka rabu gida biyu. Shi ya sa muka tambayi malaminmu na kimiyya, muka tambayi masu gyaran mota, muka karanta abin da muka samu. Ga abin da muka gano.

Mene ne aikin bamba?

Bamba ita ce abin da ke gaban mota da bayanta a ƙasa, wadda ke fara taɓa abu idan an yi karo. Aikinta shi ne ta tare ƙaramin karo, don kada fitila da lagireto da jikin mota su lalace. Ku lura da kalmar nan, ƙaramin karo. Za mu dawo kanta.

Bambar da ƙarfe ce zalla mai sheƙi. Wasu an yi su da ƙarfen da ba ya tsatsa. Wasu kuma ƙarfe ne na yau da kullum, sai a tsoma shi cikin ruwan sinadari, a saka wutar lantarki, wani ma'adini mai suna kuromiyam ya manne a jikinsa. Shi ne ke sa ta ƙyalli har mutum ya ga fuskarsa. Shafen nan bai kai kaurin gashin kai ba. Idan ya ɓare, tsatsa sai ta shiga.

Bambar yanzu kuwa hawa uku ce. Wadda muke gani a waje murfi ne kawai, kuma danginsa ɗaya da robar kujerun da ake hayarsu a wurin biki. A bayansa akwai wani abu mai kama da soso mai tauri. A bayan soson kuma akwai sandar ƙarfe da aka ɗaure a jikin mota. Wani mai gyara ya cire murfin wata mota ya nuna mana, muka gani da idonmu. Ashe ƙarfen bai tafi ko'ina ba, ɓuya ya yi.

Me ya sa dattawa ke son ta ƙarfe?

Kada mu raina maganar iyayenmu, suna da hujja. Motar da suke yabo ita ce Peugeot 504, wadda muke kira Fijo. An fara yin ta a Faransa a 1968. A 1969 ta zama gwarzuwar motar shekara a Turai, kuma a 1975 ta ci babban tseren Safari na ƙasar Kenya, inda ake gudu cikin laka da ƙura. A wannan shekarar ta 1975 ce kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara haɗa motoci, kuma an ci gaba da haɗa 504 a Nijeriya shekaru da yawa bayan an daina yin ta a Faransa. Ita ce ta yi shekaru tana jigilar mutane da kaya tsakanin Sakkwato da Tambuwal da Jega.

Direbobi sun ce idan bambar ƙarfe ta lotse, guduma ce maganinta. Idan ta karye, mai walda zai haɗa ta. Ta roba kuwa rana tana busar da ita har ta riƙa tsagewa. Maƙalanta suna karyewa. Kuma ta yi ƙasa da yawa, idan damina ta ɓata hanyoyin ƙauyukanmu irin su Kuchi da Girkau da Margai, sai ta riƙa shurin ƙasa. Shi ya sa za ku ga an ɗinke wata da waya kamar ƙwaryar da ta fashe, wata kuma an liƙe ta da ƙarfe mai zafi. Duk wannan gaskiya ne. Ga mai neman abinci da mota, kuɗin sabuwar bamba ba wasa ba ne.

Ashe a Turai ma ana wannan gardama

Abin da ya ba mu mamaki shi ne, ba a Kebbe kaɗai ake wannan musu ba. A Ingila da Amurka akwai mutanen da ke kiwon tsofaffin motoci kamar yadda masu doki ke kiwon dawakinsu a nan. Suna wanke su, suna goge su, suna da ƙungiyoyi, suna fita da su ranar taro don a kalla. Su ma sun yarda cewa da tsohuwar zuma ake magani.

Motar da suka fi yin gardama a kanta sunanta MGB. Ƙaramar mota ce ta 'yan gayu, mai kujera biyu, wadda ake naɗe rufinta a sha iska. An yi ta a garin Abingdon na Ingila daga 1962 zuwa 1980, kuma an yi fiye da rabin miliyan. Amurka ce babbar kasuwarta. Da farko bambarta siririya ce mai sheƙi.

To, sai gwamnatin Amurka ta kafa doka. Mutane suna kukan cewa ɗan ƙaramin karo a wurin ajiye mota yana jawo gyara mai tsada. Dokar ta ce daga motocin 1973, dole gaban mota ya jure karo a gudun mil 5 a awa, wato kilomita 8, ba tare da fitila da sauran kayan kariya sun lalace ba. A 1974 aka ce bayan mota ma haka. Siririyar bamba mai sheƙi ba za ta iya ba. Saboda haka a ƙarshen 1974 kamfanin MG ya sa wa motar ƙatuwar baƙar bamba, roba a waje, ƙarfe a ciki. Ya kuma ɗaga motar sama kaɗan don ta dace da ƙa'idar tsayi.

Masu sha'awar motar ba su ji daɗi ba. Suka ce an ɓata mata fuska. Suka ce ta ƙara nauyi, kuma da aka ɗaga ta sai ta riƙa karkata a kwana. Har yau ana raba MGB gida biyu, mai bambar sheƙi da mai bambar roba. Mai sheƙi ta fi tsada a kasuwar tsofaffin motoci. Wasu ma sukan sayi mai roba, su cire, su sa mai sheƙi. Magoya bayan mai roba kuma suna cewa tasu ta fi araha, ba ta tsatsa a waje, kuma idan wani ya goge ta a cikin gari ba a zuwa wurin gyara.

Ba MG kaɗai dokar ta shafa ba. Motar Porsche 911 ta Jamus ita ma ta canza bamba a 1974. Daga baya, a 1982, Amurka ta sassauta dokar zuwa mil 2.5 a awa. Amma bambar sheƙi ba ta dawo ba, domin kamfanoni sun gano cewa roba ta fi sauƙin sarrafawa, kuma ana iya yi mata fenti kalar mota. Tun 1972 ma Renault 5 ta Faransa ta fito da irin wannan bamba.

Ku duba abin dariya a nan. Mu a tasha ana cewa ta roba ba ta da ƙarfi. Su kuwa masu MGB sun san tasu ta roba ta fi mai sheƙi jure karo, don saboda haka aka yi ta. Laifinta a wurinsu shi ne muni. Ke nan gardamarsu ta kyau ce, tamu kuma ta kuɗin gyara.

Tambayar da aka manta

Da muka kai wa malaminmu wannan labari, sai ya ce duk mun manta da wani. Ya tambaye mu wane ne ya fi kowa sanin bambancin bambar ƙarfe da ta roba a ranar nan. Muka yi shiru. Amsar ita ce ragon.

Ga bayanin a sauƙaƙe. Idan mota tana tafiya, tana ɗauke da ƙarfi. Idan ta bugi abu, ƙarfin nan ba ya ɓacewa, dole ya shiga wani wuri. Ku saki ƙwai a kan siminti, ku saki wani a kan tulin yashi. Na siminti zai fashe domin siminti ba ya lotsawa, sai ƙwan ya sha bugun duka. Yashi kuwa yana lotsawa, ya shanye wani ɓangare na bugun. Haka mai tsaron gida yake janye hannunsa baya idan ya kama ƙwallo mai zafi. Kuma shi ya sa 'yan'uwanmu mata ke naɗa gammo kafin su ɗora tulu a ka.

Bambar roba da sosonta gammo ne tsakanin ƙarfen mota da abin da ta buga. Da ta tsage a tasha, ta shanye wani ɓangare na bugun da zai shiga ƙashin ragon. Bambar da ba ta lotsawa ko kaɗan, ita tana fita lafiya, amma wanda ta buga shi ne ke biya.

Yanzu ku cire ragon, ku sa ɗan aji ɗaya a wurin. Bamba tana bugun babban mutum ne a wajen gwiwa. Yaro ƙarami kuwa tana samunsa a cinya ko ƙugu, kansa da ƙirjinsa kuma suna kusa da gaban motar. Saboda irin wannan, tun 1997 wata hukuma a Turai mai suna Euro NCAP take gwada sababbin motoci. A cikin gwajin ana harba ƙafar mutum-mutumi a jikin bamba a gudun kilomita 40 a awa, a auna irin raunin da mutum zai ji. A 2005 kuma Tarayyar Turai ta yi doka a kan shingen ƙarfen da wasu ke ƙarawa a gaban mota, ta ce sai wanda ya ci gwajin kare masu tafiya a ƙasa za a sayar.

Wannan ya shafe mu. A nan ma muna ganin motocin da aka yi wa waldar bututun ƙarfe a gaba, ko don bambar ta karye, ko don a tsare fitila daga dabbobi. Mun gane dalilin mai motar. Amma a kan wannan hanyar muke tafiya safe da rana, mu da ƙannenmu 'yan firamare.

Kada roba ta ruɗe mu

Mun ce za mu dawo kan ƙaramin karo. Gudun kilomita 8 a awa bai wuce sassarfar mutum ba. Malaminmu ya nuna mana a allo cewa idan gudu ya ninka biyu, ƙarfin bugu yana ninkawa huɗu. Muka yi lissafi da kanmu. Kilomita 40 ya ninka 8 sau biyar, ke nan bugunsa ya ninka sau 25. Kilomita 80 ya ninka 8 sau goma, bugunsa ya ninka sau 100. A irin wannan gudu babu bambar da za ta ceci mai tafiya a ƙasa, ko ta ƙarfe ko ta roba. Ragon nan ya tashi ne saboda abu biyu, bambar ta lotsa, kuma direban ba ya gudu. Na biyun ya fi na farkon muhimmanci.

To, wace ce ta fi?

Idan kyau ake nema, yawancinmu a aji mun zaɓi mai sheƙi. Idan sauƙin gyara ne a garinmu, dattawa sun yi gaskiya, ta ƙarfe ce. Amma idan ana maganar ƙafar mutum, wadda ke lotsawa ta fi. Bamba ana ɗinke ta da waya, ana sayo wata a kasuwa. Ƙafar yaro ba a sayar da ita a shago.

Don haka muna roƙon iyayenmu direbobi da yayyenmu masu kabu-kabu, don Allah a rage gudu a kusa da makaranta da kasuwa. Wanda bambarsa ta karye, ya daure ya gyara ta, kada ya maye gurbinta da bututun ƙarfe. Mu kuma ɗalibai mu riƙa bin gefen hanya ta ɓangaren da za mu ga motar da ke zuwa. Mu duba dama da hagu kafin mu tsallaka, mu riƙe hannun ƙannenmu, kuma mu daina ɗanewa a bayan mota.

Wanda yake da ra'ayi a kan wannan gardama, ya rubuto a takarda ya ba shugaban ƙungiya, za mu liƙa a allo mako mai zuwa in sha Allahu. Allah ya kiyaye mana hanya, ya tsare mu da iyayenmu da malamanmu, amin.

Daga wakilinku na aji biyu, ƙaramar sakandare, Ƙungiyar 'Yan Jarida.