Kafin A Sa Wa Tsohon Soro Diga

'Yan'uwana mata, musamman ku na ƙasar Bunkure da Kura da Garun Malam, maganarmu ta wannan mako a kan gida take, watau ginin kansa, bango da rufi da daɓe. Na san wata za ta ce ina ruwan mace da gini, ai wannan sha'anin maigida ne da magini. To, amma wa ke wuni cikin gidan? Maigida ya yi asuba ya nufi gona ko kasuwa, sai magariba. Ke ce ke shan zafin ɗaki da rana, ke ce ke tara kwano in yana yoyo, in kuwa bango ya faɗi, Allah ya kiyaye, ke da 'ya'yanki zai fi samu a ciki. Saboda haka kina da ta cewa.

In shekara ta yi kyau, an kai tumatir Kwanar Gafan an sayar, ko shinkafa ta yi daraja, abin da kan fara zo wa maigida a rai shi ne ya gyara gidan gado. Wannan niyya ce mai kyau. Sai dai gyaran da aka fi yi iri biyu ne. Ko dai a sa diga a baje tsohon soro a ɗora na bulo a gurbinsa, ko kuwa a bar shi tsaye a shafe shi da siminti ciki da waje, a yi masa fenti. Na farko ya kashe gidan nan take. Na biyu shi ma kisa ne, sai dai a hankali yake yi, kuma ga shi an biya kuɗi.

Bari mu fara da tambaya. Me ya sa sorayen da suka daɗe tsaye tun zamanin kakanni suke ta lalacewa a zamaninmu? Ba wai ƙasar ce ta tsufa ba. A da, in aka gama kaka aka shigar da hatsi rumbu, maza ba su da sauran aikin gona sai damina ta sake zagayowa. Rani shi ne lokacin gini da yaɓe. Kowace shekara a kan hau soro a toshe tsaga, a gyara indararo, a ƙara wa bango yaɓe inda ruwa ya zaizaye. Da aka gama madatsar ruwa ta Tiga cikin 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ya biyo hanyoyin da aka haƙa masa ya iso Kadawa da gonakinmu, sai rani ya zama wata damina ta biyu. Alkama, tumatir, albasa, masara, ba hutu. An sami arziki, ba mai musun haka. Amma watannin da a ke ba gida sun koma gona, gida ya rasa ranarsa.

Ba nan abin ya tsaya ba. Sa'ad da aka share filayen aikin ruwa aka daidaita su, itatuwa da yawa sun tafi, har da ɗorawa, wadda daga ɓawon 'ya'yanta a ke samun makuba. Sa'an nan kuma inda duk a ke ban ruwa shekara da shekaru, ruwan ƙarƙashin ƙasa yakan taso kusa. Ku da ke da rijiya kusa da fadamun shinkafa kun fi kowa sanin wannan. Gidan da aka kafa bisa busasshiyar ƙasa, yau ƙafarsa cikin laima take.

Yanzu ga abin da ya kamata kowace mace ta fahimta game da bangon ƙasa, don in ta fahimce shi ba maginin da zai ruɗe ta. Bangon tubali yana shan laima, yana kuma fitar da ita. Da damina ya sha, da rani iska da rana su busar da shi. Muddin yana samun hanyar bushewa, ba abin da zai same shi. In aka lulluɓe shi da siminti, laimar da ke tasowa daga ƙasa ta rasa mafita, sai ta zauna ciki. Siminti kuma ba ya kama ƙasa kamun gaske, kuma ba sa miƙewa da tsukewa tare, saboda haka bayan 'yan shekaru sai ya tsage. Ruwan sama ya bi tsagar ya shige, rana ba ta isa gare shi. Daga waje bango sumul, ga fenti yana ƙyalli, ciki kuwa ya zama kunu. Gara ma nan ta fi so, don tana aikinta ba mai ganinta. In kina so ki gwada, ƙwanƙwasa bangon da aka shafe da bayan ludayi. In kin ji yana amo kamar ganga, to simintin ya riga ya rabu da ƙasar.

Magabata ba su rasa abin kare bango daga ruwa ba. Akwai makuba, wadda a ke jiƙawa a kwaɓa da jar ƙasa a shafe bangon waje. Akwai kuma laso, wanda a ke haɗawa da katsi da gashin jima da ruwan saiwar dafara, a shafe saman soro da rawaninsa. Katsin nan kuwa daga karofi a ke samunsa, shi ne laka da ke kwantawa gindin rijiyar rini, a kwashe, a shanya, a ƙone, a dake. Kura, wadda turkuɗinta ya kai har cikin hamada wurin Buzaye, tana nan kusa da mu, don haka kakanninmu ba su yi tafiya mai nisa neman katsi ba. Waɗannan abubuwa suna kore ruwa amma ba sa shaƙe bango. Aibinsu ɗaya, suna son sabuntawa bayan 'yan shekaru. Yau samunsu da wuya, gaskiya ne, amma ba su ɓace ba, kuma tsofaffin magina da suka san haɗinsu ba su ƙare ba. A neme su tun suna da sauran ƙarfi, a haɗa su da samari su yi aikin tare.

Gyara na gaskiya daga ƙasa yake farawa, kuma nan ne hannun mace ya fi tasiri. Dubi inda ruwan wanke-wanke da na wanka ke bi. Ku masu turara shinkafa, dubi inda ku ke tsiyaye ruwan tukunya. In gindin bango yake kwanciya, to kullum kina yi wa gidanki rami ba ki sani ba. A fitar da magudana ta yi nesa da gini, a cike gindin bango da ƙasa a dandaƙe ta yadda za ta gangara waje. Inda gindin ya riga ya cinye, a sassaƙe ruɓaɓɓen a cike da dutse ko marmara da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, kaɗan kaɗan, yanki bayan yanki, kada a kwakule bango duka rana ɗaya. Dutse ba baƙo ba ne gare mu, ga duwatsun Rano nan kusa, kuma dutse a gindin bango ya fi kowane magani hana laima hawa. Indararo kuma a duba tsawonsa, ya riƙa zubar da ruwa can nesa, ba bisa jikin bango ba.

Game da rufi, ni ban ga laifin kwano ba in an san yadda aka sa shi. Azara, watau tsagin giginya, itace ne da gara ba ta cika yi masa illa ba, in bai sha ruwa ba yakan fi wanda ya ɗora shi daɗewa. Maimakon a yaye ta, sai a bar ta da ƙasarta, a ɗora kwano daga sama, a bar masa baki ya zarce bango kamar malfa. Ta haka an huta da yoyo, an kuma tsira da sanyin soro. Wadda ta taɓa goyon jariri cikin ɗakin bulo da kwano tsirara a watan Afrilu ba ta bukatar a yi mata bayani. Taga ma a faɗaɗa ta, hayaƙi ya sami hanya, haske ya shigo, wannan ba ya rage wa ɗaki tarihi. In ana son sababbin ɗakuna na bulo saboda samari masu aure, a yi su wani gefe na gidan, ai fili bai ƙare ba. Masai kuwa a nisanta shi da rijiya, balle yanzu da ruwa ya matso kusa.

To, sai maganar tarihi, wadda ita ce ta fi damuna. Tarihin gida ba a rubuce yake ba, yana bakin tsofaffi, kuma mafi yawa bakin tsofaffin mata. Namiji ya san wanda ya kafa gidan da iyakar gonarsa. Amma tsohuwa ita ta san ɗakin da aka haifi wane, da bayan ɗakin da aka binne mabiyiyarsa, da turakar da kakan gida ya cika a ciki, da dalilin da ya sa aka toshe waccan ƙofa aka buɗe wannan. A wasu tsofaffin gidaje har kaburbura akwai daga ciki, waɗanda alamarsu ta shafe. Kafin a haƙa ramin masai ko tushen sabon ɗaki, lalle a tambayi Iya ko Gwaggo. Abin kunya ne da baƙin ciki a ce diga ce ta tuna wa mutane inda kakarsu take kwance.

Ku 'yan mata da kuka yi makaranta, ga aikinku. Ɗauki littafi da alƙalami, ki zauna gaban tsohuwa da yamma, ki ce, "Iya, wa ya gina zauren nan?" Ki bar ta ta yi ta zuba, kada ki katse ta ko ta kauce hanya, don cikin kaucewar nan a ke tsintar abu mai daraja. Ki zana gidan yadda yake, ɗaki ɗaki, ki sa sunan waɗanda suka zauna cikinsu. Ki ɗauki hoton kowane bango da waya kafin magini ya taɓa shi, ki sa a wanke hotunan a takarda, don waya tana ɓata tana lalacewa. Kuma ku sa ido kan kayan da a kan zubar ranar gyara: tsohon ƙyaure mai ƙusoshin maƙera, dutsen niƙa da ɗansa, akushi, tasoshin jere, allunan da ke rataye a zaure. Masu sayen tsofaffin ƙarafa ba su san kaka ba, awo kawai suka sani.

Zaure dai, in da hali, kada a taɓa siffarsa. Shi ne fuskar gida. Nan aka ɗaura auren iyayenmu, nan aka raɗa mana suna, nan aka karɓi gaisuwar waɗanda suka riga mu. In yana da bakan gizo ko zanko ko zane a goshin ƙofa, a nemi wanda zai bi sawun zanen da hannu ya sabunta shi yadda yake. Daɓe kuma tun asali aikin mata ne, da maɗaɓi da ruwan makuba da tsakuwa, maƙwabta su taru a yi gayya. Ba na ce kowane ɗaki ya koma daɓe ba, amma ɗakin tsohuwa ɗaya da aka daɓe da kyau ya isa yara su ga abin da hannun kakanninsu ya iya.

Kada wata ta ce ginin ƙasa ba ya daɗewa. Wadda ta shiga Kano ta roƙi a kai ta Gidan Makama, wanda asalinsa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ne, da ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, yau kuwa gidan adana kayan tarihi ne. Ta kuma leƙa Gidan Ɗan Hausa a Nasarawa, inda Baturen nan Hanns Vischer ya zauna, shi da ya buɗe makaranta a unguwar cikin 1909. Duka biyu na ƙasa ne, abin da ya tsai da su kuwa shi ne ba a daina kula da su ba. A birnin Jenne na ƙasar Mali akwai babban masallaci na ƙasa da aka sake ginawa cikin 1907. Kowace shekara mutanen gari kan fito rana guda su yaɓe shi, maza na hawa, mata na jido ruwa. Su sun yanka wa gininsu rana. Mu ma ba abin da zai hana gida ya yanke kwana biyu ko uku tsakanin girbin alkama da faɗuwar ruwa, a ce waɗannan na soro ne, kowa ya ajiye fartanya. Ke uwargida ke za ki riƙa tunasarwa, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Amma fa a ji ni da kyau, ba kowane ɗaki ne ke ceto ba, kuma ba tarihin da ya kai ran ɗa guda. Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu tun zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, ba ginin ƙasa da ya fi shi suna a Arewa, duk da haka cikin Agusta 2023 wani sashensa ya rufta kan masallata aka rasa rayuka. Saboda haka in kin ga bango ya karkata, ko tsaga ta ratsa shi tana ƙara buɗewa har hannu na shiga, ko azara ta lanƙwasa a tsakiya, ko ƙasa na zubowa daga rufi ba iska ba ruwa, kada ki jira maigida ya gama shawara. Kwashe yara da shimfiɗa ku koma wani ɗaki a daren nan, balle in cikin Agusta ne ana marka. In magini mai gaskiya ya duba ya ce ba makawa sai an sauke shi, to a sauke shi da hannu, daga sama zuwa ƙasa. A ware azarar da ke da sauran ƙarfi, a jingine ta a inuwa. Tsohuwar ƙasar bangon kuma kada a kai ta juji ko a cike kududdufi da ita. A farfasa ta, a jiƙa, a zuba mata sabuwar ciyawa a cuɗe, a bar ta ta kwana biyu, a sake buga tubali da ita a tā da ɗakin a gurbinsa na da.