Marqués de Riscal: Sabon Rufi a Kan Tsohuwar Masana'antar Giyar Inabi

Elciego ƙaramin gari ne da mazaunansa ba su wuce kimanin mutum 1,000 ba, yana lardin Álava na yankin Basque a arewacin Sifaniya, tsakanin kogin Ebro da jerin duwatsun Sierra de Cantabria waɗanda ke tare iska mai sanyi da laima da ke tasowa daga tekun Atilantika. Wannan kariya, haɗe da ƙasa mai yumɓu da farar ƙasa, ita ta sa inabi ke nuna da kyau a yankin da ake kira Rioja, wanda sunansa ya zama tambarin jar giyar inabi mafi shahara a ƙasar. A gefen garin ne masana'antar Marqués de Riscal take, wadda aka kafa a 1858, amma tun daga 2006 akasarin masu zuwa wurin ginin da Frank Gehry ya zana ne ke fara jawo su.

Gehry, wanda aka haifa a Toronto ta Kanada a 1929 kuma ya yi rayuwar aikinsa a Amurka, ya riga ya yi suna a Sifaniya da gidan tarihi na Guggenheim da aka buɗe a Bilbao a 1997, ginin da ya mayar da birnin masana'antu mai fama da koma-baya wurin yawon buɗe ido. Masu Riscal sun ga abin da ya faru a Bilbao, suka nemi irinsa a ƙauyensu, kuma labarin da ya shahara shi ne sun shawo kan maginin ne bayan sun shiga da shi rumbunsu na ƙarƙashin ƙasa suka buɗe masa kwalbar shekarar haihuwarsa. Abin da ya gina musu otal ne, wanda ya fara da ɗakuna 43, Sarki Juan Carlos kuma ya buɗe shi a watan Oktoba na 2006. Jikin ginin na dutse ne mai launin rairayi, irin wanda aka gina cocin San Andrés na garin da shi, a samansa kuma an lanƙwasa faffaɗan faranta na titaniyam, wato ƙarfe mara nauyi da ba ya tsatsa, suna naɗe da juna kamar rawanin da iska ta warware. Launukan uku ne, kowanne da abin da yake nufi: ruwan hoda na giyar, ruwan zinariya na ragar wayar da ake naɗe kwalbar da ita, ruwan azurfa kuma na hular da ke rufe bakinta.

Ragar wayar nan ta cancanci bayani, domin ta girmi ginin da kimanin ƙarni guda. Da giyar Riscal ta yi suna a ƙarshen ƙarni na 19, musamman bayan ta sami takardar girmamawa a baje-kolin Bordeaux na 1895, wadda ita ce ta farko da aka ba giyar da ba ta Faransa ba, sai 'yan jabu suka riƙa tara kwalabenta da aka shanye suna ɗura musu mai arha. Masana'antar ta rufe kowace kwalba da ragar da ba a iya cire toshiyar sai an tsinka ta, kuma ko da yake yau amfaninta ya koma ado, ita ce alamar da mai saye ke gane kwalbar da ita daga nesa.

Abin da ake tallatawa a ƙarƙashin wannan rufi shi ne giyar gargajiya, sai dai gargajiyar ita ma baƙuwa ce a lokacinta. Kafin tsakiyar ƙarni na 19, manoman Rioja suna zuba inabi da reshensa a cikin kwarmin dutse, su tattake shi da ƙafa, su adana ruwan a salka, giyar da ke fitowa kuwa ba ta cika kaiwa bazara mai zuwa ba sai ta yi tsami. Guillermo Hurtado de Amézaga, mai riƙe da sarautar Riscal, ya daɗe yana zaune a Bordeaux, shi da ɗansa Camilo kuma sun ga yadda Faransawa ke yin giyar da ke jure shekaru da doguwar tafiya. A 1862 hukumar lardin Álava ta ɗauko wani gwani daga yankin Médoc na Faransa mai suna Jean Pineau domin ya koya wa manoma wannan hanya, da shirin ya tsaya a 1868 saboda tsadarsa ta fi ƙarfin ƙananan manoma, sai gidan Riscal ya ɗauke shi aiki. Hanyar tasa ita ce a raba 'ya'yan inabin da reshe, a bar ruwan ya tsimu a manyan randunan katako har yisti ya mayar da sukarinsa barasa, sannan a juye shi cikin gangunan itacen ok masu cin lita 225, ana sauya masa ganga lokaci-lokaci domin a bar gurɓin a baya, a kuma tace shi da farin ƙwai. Annobar filoksera, wani ɗan ƙwaro mai cin saiwar inabi da ya halaka gonakin Faransa tun daga shekarun 1860, ta turo fataken Bordeaux kudu neman haja, wannan kuma ya ba sabuwar hanyar kasuwar da ta tsaya da ƙafarta.

Dokokin Rioja na yau sun ginu ne a kan wannan gado. Yankin ya sami rajistar sunansa a 1925, ya kuma hau matsayi mafi girma na rajistar a 1991, ana kuma rarraba jar giyarsa gwargwadon daɗewarta a ajiya: Crianza shekara 2 ce, Reserva shekara 3 wadda aƙalla 1 a ganga take, Gran Reserva kuma shekara 5 da aƙalla 2 a ganga. Tempranillo shi ne babban nau'in inabin, ana ɗan haɗa shi da Graciano ko Mazuelo domin ƙarin tsami da launi. A rumbun da ma'aikata ke kira Babban Coci, Riscal na ajiye kwalabe tun daga girbinta na farko na 1862, kuma idan za a buɗe mai shekaru da yawa ba a taɓa toshiyar, domin ta riga ta yi laushi tana iya marmashewa ta faɗa ciki. Ana gasa awartaki ne har ya yi ja, a matse wuyan kwalbar da shi, a shafa ruwan sanyi, gilashin ya tsage a daidai wurin.

Riscal ba ita kaɗai ta bi hanyar ɗauko shahararren magini ba, domin Santiago Calatrava ya zana wa Ysios masana'anta mai rufi kamar igiyar ruwa a Laguardia a 2001, Zaha Hadid kuma ta yi wa López de Heredia, gidan da ya fi kowa riƙo da tsohon salo tun 1877, ɗakin karɓar baƙi a Haro. Masu suka na cewa ginin Gehry ya danne ƙauyen da yake tsaye a cikinsa, kuma ƙanen Guggenheim ne da aka dasa a gona. Sukar tana da ƙamshin gaskiya, amma tana mantawa da cewa ba a cikinsa ake yin giyar ba: ana matsewa da adanawa ne a wasu gine-ginen harabar, ciki har da na dutse da suka rage tun ƙarni na 19, otal ɗin kuwa aikinsa ya kawo baƙon da zai kwana, ya ci abinci, ya zaga rumbunan, ya tafi da kwalin giya, ta yadda kuɗin da a da ke tsayawa a hannun dillalan Madrid da Landan wani kasonsa ke shigowa Elciego kai tsaye.