Dalilin da ya sa sabon batir ba ya tayar da tsohon babur

A Azare da ƙauyukan masarautar Katagum, har gobe ana cin moriyar tsofaffin babura irin su Vespa da Honda CG125, wanda aka fara ƙerawa a 1975. Da su ake zuwa gona da kasuwa, wani lokaci ma da su ake ɗaukar mara lafiya cikin dare. Da zarar irin wannan babur ya ƙi tashi, abin da mai shi kan fara yi shi ne sayen batir, kuma sau da yawa asarar kuɗi ce kawai.

Dalili kuwa shi ne, a yawancin baburan nan, wutar da fulogi ke bayarwa ba daga batir take zuwa ba. Daga maganaɗisun da ke juyawa a gefen inji take fitowa idan an buga kik. Aikin batir bai wuce hon da sigina da fitilar birki ba.

Saboda haka daga fulogi ake farawa. A kwance shi, a mayar da shi cikin hularsa, a jingina ƙarfensa da jikin inji, sannan a buga kik. Tartsatsi shuɗi mai ƙarfi alama ce ta lafiya. Idan ja ne mai rauni, ko babu shi sam, sai a goge bakin fulogin, a daidaita tazararsa tsakanin milimita 0.6 zuwa 0.7. In ba a ga canji ba, a buɗe murfin gefen inji a duba kwantak, wato ƙarafa biyun da ke haɗuwa suna rabuwa. Ƙurar hunturu da maiƙo kan dasƙare a kansu, alhali ɗan gogewa da sanfefa da mayar da tazararsu milimita 0.3 zuwa 0.4 ya wadatar. Kwayil shi ne na ƙarshe da ya kamata a zarga, sai dai idan babur na mutuwa in ya ɗau zafi, ya kuma tashi bayan ya huce.

Matsalar fitila daban take. Yawancin tsofaffin baburan nan bolt 6 suke amfani da shi, na yanzu kuwa 12, don haka ƙwan sabon babur ba zai ba da hasken kirki a tsoho ba. Idan ƙwai na yawan ƙonewa, a duba batir, domin a wasu samfuran shi ke shanye rarar wuta. Zafin watan Afrilu na saurin ƙafar da ruwansa.

Wayar da aka ɗaure a jikin firam ita ce aka fi mantawa da ita. Tsatsar damina na cin gindinta, sai fitila ta riƙa lumshewa, hon ya dushe. Fis kuma in ya ƙone, ɗabi'ar nan ta naɗa masa waya ko takardar sigari ganganci ne: wayar da ta goge a ƙarƙashin tankin mai tana nan, kuma ita ce ke iya tayar da gobara.